Kalma Bakwai a Kan Saƙon Buta

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Na zo aiki. Ban san dalili ba, amma na zo, na zauna a kujerata ta bakin taga, na kunna kwamfuta kamar kowace Litinin. Littafin nan na rubuta bayanan taro ne. Na juya shi ta baya na fara rubutu, don idan ban rubuta ba zan gaya wa wani maganar da ba ta dace ba.

Shekarata shida a kamfanin nan. Kayan kicin muke sayarwa ta intanet: tukwane, wuƙaƙe, injin markaɗe, butocin lantarki. Aikina saƙon talla na imel ne, shi ma ba duka ba. Layin nan guda da mutum yake gani a wayarsa kafin ya buɗe saƙo, shi muke ce wa kai. Hoton da ke sama idan ya buɗe kuma goshi. Ni ke rubuta kai, Baba Mai Zane ke zana goshi. Mutane dariya suke yi in na ce layi ɗaya ne aikina. Su gwada mana. Kalma bakwai ce iyaka, in ta wuce haka waya ta datse sauran, kuma da rabin ido ake karanta ta, mutum yana cikin mota ko yana taunar abinci.

Yau an ce in rubuta kan saƙon tukwanen da ba sa kama abinci. Awa guda ke nan ina kallon farin shafi.

Abin da ya faru ranar Asabar a gidan Yaya ba zan rubuta shi a nan ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na je asibiti lokacin cin abinci. Sashen masu ƙuna yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Jela tana barci. 'Yar Yaya ce, shekararta huɗu, muna ce mata Jela saboda duk inda babba ya sa ƙafa tana biye da shi. An naɗe mata hannun dama tun daga kafaɗa har yatsu, da gefen wuya.

Na gaida Yaya, ta amsa tana kallon bango. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goya ni, amma yau ko sunana ba ta kira ba. A ƙarƙashin gadon akwai leda, mijinta ne ya ce a adana abin da ke ciki. Ban taɓa ba. Ta cikin ledar na hango jan launin. Butar daban, mariƙin daban.

Ba ni na ƙera ta ba.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

A jikin bango kusa da firinta akwai takarda cikin firem. Kan saƙo ne da na rubuta wata huɗu da suka wuce: "Ruwa ya tafasa kafin ku yanka burodi." Cikin kowane mutum ɗari da muka aika wa, arba'in da ɗaya suka buɗe. Ba a taɓa samun haka a kamfanin nan ba. Manaja da kansa ya sa aka rataya shi, har ya ce in miƙe a tafa min. Jar buta dubu huɗu da ɗari biyu muka sayar da layin nan.

A makon ne Yaya ta kira ni tana dariya, wai ta san rubutuna ko a mafarki, kuma ta saya, in burodi ya riga ruwa ni za ta kama.

Yau sau uku ina zuwa firinta. Na huɗun na tarar firem ɗin ba ya nan, sai ƙusa. Na waiwaya, Baba Mai Zane ya duƙufa a kan aikinsa kamar bai san komai ba. Dattijo ne, tun kafin zuwan kwamfuta yake rubuta allunan shaguna da fenti. Bai cika magana ba.

Talata, ƙarfe uku na rana

Akwai akwatin imel da amsoshin masu saye suke faɗawa idan sun mayar wa saƙon tallanmu martani. Ba mai buɗe shi. Yau na buɗe, na rubuta "buta" na nema. Saƙo goma sha ɗaya. Wannan ya ce mariƙi yana motsi. Wannan ta ce ya ɓalle mata, Allah ya tsare ruwan bai yi zafi ba. Wani ya turo hoton ƙafarsa.

Na buga su duka na kai wa Manaja, na haɗa da labarin gidanmu a taƙaice. Ya yi min jaje sosai, ya ce Allah ya ba yarinya lafiya, in ina son hutu in ɗauka. Amma takardun da ya duba, bai yi mamaki ba. Mutum ba ya iya ɓoye rashin mamaki. Ya sa su a aljihun tebur ya ce za a zauna a kai.

Na ce ba na son hutu.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ba ni na ƙera ta ba. Rubutu kawai na yi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

An yi zaman. Manaja, da Barista lauyar kamfani, da ni da Baba. Ashe masu ƙera butar sun riga sun amsa cewa robar da ke riƙe da mariƙin tana laushi idan ta sha zafi. Za a karɓi tsofaffin a ba mutane wasu. Na ji sanyi a raina, na ce to sai a aika sanarwa yau-yau.

Sai Barista ta miƙo min 'yar takarda. Kalmomin da ba za su fito a saƙon ba: haɗari, lahani, ƙuna, ɓallewa, gargaɗi. Ta ce kowace ɗaya a cikinsu igiya ce da za a ɗaure kamfani da ita a kotu. Manaja kuma ya ce ya ma rage min aiki, ya rubuta kan saƙon da kansa. Ya karanto yana murmushi: "Albishir! Kawo tsohuwar buta, karɓi sabuwa kyauta." Ya ce Baba kuma ya zana mace tana dariya, riƙe da buta mai ƙyalle a ɗaure kamar tsaraba.

Na yi wa Manaja bayani a tsanake, kamar yadda nake wa sababbin ma'aikata. Na ce Yallaɓai, duk saƙon da ya fara da albishir ya ƙare da kyauta, waya da kanta take jefa shi cikin tarkacen talla. Wanda ma ya gani zai ce butarsa sabuwa ce, me zai yi da wata. Da ƙyar mutum goma cikin ɗari su buɗe.

Ya ce, "To ai sanarwa dai mun yi, Malama."

Sai a lokacin na gane ba rashin sanin aiki ba ne. Ya san aikin sarai.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ban rubuta komai ba yau. An tambaye ni kan saƙon tukwane, na ce yana hanya. Ba ya hanya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Na tarar ana canza wa Jela bandeji. Ban shiga ba. Na tsaya a baranda, na ji komai daga nan. Ban san muryar yaro tana iya kai wa can ba.

Da aka gama na shiga, ta gan ni ta ce, "Anti, ba ni na taɓa ba." Na ce na sani, Jela, ba ke ba ce. Tana tsaye ne kawai a gefen uwarta kamar yadda ta saba.

Yaya ta yi magana yau, amma ba da ni ba, da matar gadon kusa. Na ji tana ce mata ita abin da ya fi damunta, har yanzu tana jin mariƙin a cikin hannunta, shi kaɗai, ba nauyi. Sai ta duba tafin hannunta ta rufe shi.

A mota da zan dawo na yi lissafi. Dubu huɗu da ɗari biyu. Kowace safiya ana kunna su.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ƙa'idar aikinmu ce, kuma Manaja ne ya kafa ta: ba saƙon da zai fita sai an gwada kai biyu. A aika wa mutum ɗari biyu na farko, wasu ɗari biyu na biyu, wanda aka fi buɗewa shi ake aika wa kowa. Na tuna masa, ya ce in yi yadda aka saba. Bai tambayi na biyun ba. Shekara shida bai taɓa tambaya ba.

Na rubuta na goge ya fi sau ashirin. Kalmar farko ita ce komai, don ita ido yake fara cafka. Ba gaisuwa, ba sunan kamfani, ba alamar motsin rai. Wannan na tsayar: "Kada ku kunna butarku: mariƙinta yana ɓallewa." Bakwai cif. Kalma ɗaya kawai na ɗauko daga takardar Barista, amma ita ce mai aikin.

Na nuna wa Baba, na ce ina son goshin da zai dace da shi. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce, "'Yata, saura min shekara biyu in ajiye aiki." Na ce na sani, Baba, ka manta na yi maganar.

Talata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na tarar da sabon hoto a kwamfutata, ba suna a jiki. Farin fili, jar buta a gefe guda, mariƙinta a ɗaya gefen, tsakaninsu tazarar yatsa biyu. A ƙasa da manyan baƙaƙe: "Ku cire ta daga wuta yau." Ba ado ko ɗaya. Ban taɓa ganin aikin Baba ya yi kyau haka ba.

Na leƙa wajensa, ya ce in na gama da abin fasa takarda in mayar masa. Shi ke nan maganar da muka yi.

Ƙarfe tara daidai na tura gwajin.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na Manaja: tara cikin ɗari. Nawa: saba'in da ɗaya.

Tun jiya da rana wayar ofis ba ta huta ba. Manaja ya kira ni, Barista tana zaune a gefe ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ajiye masa sakamakon, na ce bisa ƙa'ida nawa ne zai tafi. Ya ɗaure fuska, ya ce wa ya ba ni izini. Na ce ƙa'idarsa ce. Na ce ya duba lambar da kyau, ana buɗewa.

Ya ce, "Matsalar ke nan, Malama. Ana buɗewa."

Ya ce kafin a tashi yau in aika wa sauran mutum dubu uku da ɗari takwas nasa, kuma gobe za mu yi maganar makomata. Na ce na ji.

Na ji ɗin kawai na ce. Ban ce to ba.

Laraba, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma

Wannan shi ne lokaci mafi muni na aika saƙo. Mutane sun gaji, suna shirin hanya, kowa ya san haka. Na ce wa Baba ya je ya sha shayi. Ya ce ba ya jin shan shayi, ya gyara zama.

Na zaɓi nawa. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Na zauna ina kallon lambar tana hawa har ta cika, sannan na je na ƙwanƙwasa ofishin Manaja na gaya masa da bakina, don kada ya ji a wani wuri ya ce na ɓuya. Abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne.

Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe

Katina na shiga ofis bai buɗe ƙofa ba. Mai gadi ya rasa inda zai sa idonsa, ya miƙo min ambulan yana ba ni haƙuri kamar shi ya rubuta. An dakatar da ni har sai an gama bincike. Na ce masa ya gaida iyali. Ina rubuta wannan a kan bencin tashar mota, mutane suna ta gudu zuwa aiki, ni kuwa ba inda nake sauri.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Maigidana bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce ya fahimta, amma da na yi shawara da shi. Na ce da na yi shawara da ya hana ni. Ya ce gaskiya ne. Yaranmu biyu sun yi murna wai Mama tana hutu.

Na wanke labulen gidan nan duka. Ba su yi datti ba.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana

Baba ya kira. Wai butoci sun cika ɗakin ajiya, an fara jera su a baranda, har sai da Manaja ya yi ta tsallake kwali kafin ya kai ofishinsa. Mun yi dariya, dariyata ta farko tun ranar nan.

Sun tambaye shi wa ya zana goshin. Na ce ai na gaya maka ka ce ni na yi. Ya ce, "Wa zai yarda? Ke da ko ƙwai ba ki iya zanawa ba." Ya amsa cewa shi ne, sun ba shi takardar jan kunne. Ya ce ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin ƙafar teburinsa, dama yana girgiɗi.

Ya karanto min wata amsa da ta shigo. Wata mata ce, ta ce mariƙin tata ya fi wata guda yana motsi, ta ɗauka ƙusa ce ta saki, sai ta ɗaure shi da wayar ƙarfe tana ci gaba da amfani. Tana da tagwaye masu rarrafe. Ba ta yi godiya ba, zagin kamfani ta yi tas. Na ce ya sake karanta min.

Talata, ƙarfe uku na rana

Barista ta kira, muryarta kamar ta ƙawa. Ta ce kowa ya san halin da nake ciki, ba wanda yake son a raba ni da aikina. Akwai takarda, in na sa hannu zan koma ranar Litinin. Ta turo min. A samanta an rubuta "Amincewa da Kuskure". A ciki an ce saƙon gwaji ne ya kuɓuce min, kuma abin da ke cikinsa ba a tabbatar da shi ba. Na tambaye ta me za su yi da ita. Ta ce wataƙila a aika wa mutane cewa su yi watsi da saƙon baya.

Butocin da suka dawo ba su kai rabi ba.

Ta ba ni zuwa Juma'a.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Yau da safe na kusa. Na dubi yara suna sa takalmin makaranta, na ce a raina sa hannu ne kawai, daƙiƙa biyu. Ina rubutawa ne don kada gobe in ce ban taɓa tunanin ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Akwai abin da nake ta zagayewa tun da na fara littafin nan. Na rubuta cewa akwatin amsoshin nan ba mai buɗe shi. Gaskiya ne. Amma ni ce mai mabuɗinsa, wato kalmar sirrin da ake buɗe shi da ita. Tun ranar da na fara aiki aka ba ni, aka ce in riƙa leƙawa. Na leƙa wata biyu na daina, don ba komai ciki sai masu cewa a daina damunsu. Lambar masu buɗewa nake kallo kullum, ita ake tafa wa. Saƙon farko cikin goma sha ɗayan nan ya shigo ne sati shida kafin Asabar ɗin gidan Yaya.

Na kira Yaya na gaya mata, yadda na rubuta a nan, ban rage ba. An sallamo su jiya, ina jin muryar Jela a bayanta. Na gaya mata har da maganar takardar. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sai ta kashe.

Ta yi daidai.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta kira. Ba gaisuwa. Ta ce saƙon nan nawa ya shigo wayarta tana zaune a bakin gadon asibiti, ta karanta, ta kife wayar. Ta ce ba ta san ranar da za ta iya kallona ba tare da ta tuna ba, kuma kada in tambaye ta. Na ce ba zan tambaya ba.

Sai ta ce, "Takardar nan. In kika sa hannu, kada ki sake taka min gida."

Na ce in ban sa ba fa, Yaya?

Ta ce, "In ba ki sa ba, ki taho da auduga. Ta ƙare."

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je. Maigidana ne ya kai ni, ya ce zai jira a mota. Mai gadi ya raka ni har sama kamar baƙuwa. Kwalaye sun tsuke baranda, mutum ɗaya kawai take ci. Baba ya ɗaga min hannu daga teburinsa.

Manaja da Barista suna jira, takardar tana tsakiyar tebur da biro a kai. Manaja ya yi magana mai daɗi, ya ce shekara shida ba kwana shida ba ne, ya ce ba su da mai hannu irin nawa. Na ce na gode. Na ɗauki biron, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Na ce Yallaɓai, kan takardar nan bai yi ba, ba ya faɗin abin da ke ciki. Na ja layi a kan "Amincewa da Kuskure". A samansa na rubuta: "Ni na tura, da gangan, kuma gaskiya ne." Na sa hannu a ƙarƙashin wannan, na rubuta kwanan wata. Kalma takwas ce, ta wuce ƙa'ida da ɗaya, amma ba wayar da za ta datse ta.

Barista ta ce na san ma'anar abin da na yi? Na ce rubutu ne aikina. Na ajiye musu katina a kan takardar. Mabuɗin akwatin amsoshin kuma na rubuta a 'yar takarda na ba Baba da zan fita, na ce kowace safiya kafin komai. Ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Maigidana ya dubi fuskata kawai ya tada mota. Yanzu muna ƙofar kantin magani, ya shiga. Na ce masa babban ƙunshin auduga zai sayo.